Daga Dajin Burma Zuwa Gindin Dutsen Aso

Ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya kwashe ya-nasa-ya-nasa daga Barikin Dodan da ke Ikoyi a Legas, ya sauka Abuja, gwamnati ta biyo shi. Tun watan Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammed ya kafa dokar gina sabon birnin, amma aiki ya yi ta jan ƙafa shekara goma sha biyar. Abin da ya sa aka ɗaga ƙafa daga ƙarshe ba ɓoyayye ba ne. A daren 22 ga Afrilu 1990 Manjo Gideon Orkar da mutanensa sun yi wa Dodan ruwan wuta, dogarin shugaban ƙasa, Laftanar Kanar U.K. Bello, ya rasa ransa, shi kansa Babangida da ƙyar ya sha. Bariki ne a tsakiyar cunkoson Legas, ga gidaje sun kewaye shi. Gindin Dutsen Aso ya fi shi kwanciyar rai nesa ba kusa ba.

Daga zamanin Gowon har zuwa ranar, in ka ji an ce "Dodan ta ce", to gwamnati ce ta yi magana. Sai dai cikin masu faɗin sunan, 'yan kaɗan ne suka san daga inda ya fito. Dodan wani wuri ne a yankin Arakan na ƙasar Burma, wadda yau ake kira Myanmar, inda sojojin Najeriya suka gwabza da na Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba shi kaɗai ba ne kuwa. Akwai barikin Myohaung da na An a Yaba, akwai Arakan da Tamandu a Apapa, akwai Letmauk a Ibadan, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Duk sunayen garuruwa ne da koguna da rundunoni na wancan yaƙi. Abuja, da yake yarinya ce, barikokinta sun ɗauki wasu sunayen daban: Mogadishu, Lungi, Mambilla, Aguiyi Ironsi. Wanda ya tashi a Asokoro ko Karu zai iya gama jami'a bai taɓa jin cewa kakanninsa sun yi gaba da gaba da Japanawa ba.

Aikin soja irin na Turawa da Hausa ya fara a ƙasar nan. A 1863 wani hafsan ruwa na Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 'yan Arewa a Legas, akasarinsu waɗanda suka gudo daga bauta, ya ba su bindiga, aka riƙa ce musu Hausawan Glover. Daga wannan 'yar tsirar aka samu dakarun da Lugard ya ci Kano da Sakkwato da su a 1903, aka samu Rejimantin Najeriya a 1914, aka buɗe makarantar kurata ta Zariya a 1924. Ba duka Hausawa ba ne. Akwai Barebari da Tibi da Dakarkari da Zabarmawa da Angasawa, amma Hausa ce harshen bariki, har Baturen hafsa sai ya ci jarrabawarta kafin a ce ya san aiki.

Da yaƙi ya ɓarke a 1939, Gabashin Afirka aka fara tura su. Birged ta 23 ta Najeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka fatattaki Italiyawa har cikin Habasha. Suna dawowa gida sai labari ya sha bamban: Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor a Disambar 1941, ta ƙwace Singafo a Fabrairun 1942, kafin damina ta kori Ingila daga Burma gaba ɗaya, ta tsaya a ƙofar Indiya. Ingila na neman mutane ido rufe. Janar George Giffard, wanda ya daɗe da sanin sojojin Afirka, ya ce a kawo 'yan Afirka ta Yamma, wai sun saba da kurmi. Wannan magana ce ta wanda ya kalli taswira daga nesa, domin saurayin da hakimi ya miƙa daga ƙasar Katsina ko Gumel bai taɓa ganin dajin da rana ba ta taɓa ƙasarsa ba.

A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82. Jimillar 'yan Afirka ta Yamma da aka kai Asiya ta kai kimanin 90,000, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Alamar runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ce. Ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo, kuma gammon nan ya faɗi gaskiyar abin da aka kai su yi. A tsaunukan Arakan mota ba ta shiga, alfadari ma wani wurin sai ya ja tunga. Don haka kowace birged tana da ayarin 'yan dako, sojoji ne cikakku masu kaki, aikinsu ɗaukar akwatunan harsashi da buhunan shinkafa da sassan igwa da na'urar oba-oba a ka, su hau dutse su sauka kwazazzabo, ga adda a ƙugu. Inda runduna mai motoci za ta tsaya jiran a yi mata hanya, su sai su bi sawun giwa su ɓulla ta bayan abokin gaba.

A ƙarshen 1943 runduna ta 81 ta gangara kwarin kogin Kaladan. Da gatari da diga da shebur suka sare hanyar jif mai tsawon mil 70 da wani abu cikin duwatsu. Daga nan kuma sai suka zama babbar runduna ta farko a wannan fage da ta rayu kacokan da abin da jirgin sama ya jefo. Da hantsi za a share fili a bakin kogi, a shimfiɗa ƙyallaye don matuƙi ya gani, jirgin Dakota ya zo ƙasa-ƙasa yana kewaye, ana turo kaya ta ƙofa. Harsashi da magani da laima ake sako su. Buhunan shinkafa kuwa haka nan ake wurgo su, wanda bai kauce ba ya ji a jikinsa. Laimar ma ba ta tashi a banza: ita ce rumfar marasa lafiya, ita ce bargo, ita ce abin musayar kaza da ƙwai a ƙauye.

Birged ta 3, wadda bataliyoyin Najeriya uku suka haɗa, an cire ta daga runduna ta 81 aka ba Janar Orde Wingate, mai dakarun Chindit. A 1944 aka sauke su da jirage can bayan layin Japanawa, suka tsare sansanin da ake kira White City, wanda ya datse layin dogo da hanyar mota da Japan ke kai wa mayaƙanta kaya a arewacin Burma. Dare bayan dare ana kawo musu farmaki a bakin waya mai ƙaya. Marubucin nan Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi wannan yaƙi, a kan wannan zango ya gina littafinsa Burma Boy na 2007.

Cikin dubban da suka je, kaɗan ne suka bar labarinsu a rubuce. Ɗaya daga cikinsu Isaac Fadoyebo ne, ɗan Emure-Ile kusa da Owo, ma'aikacin jinya a runduna ta 81. A farkon Maris 1944 Japanawa suka buɗe wa ayarinsu wuta daga tsallaken Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya riƙa kai musu abinci, daga baya ya ɓoye su a gidansa, alhali ya san in Japanawa suka gane kashinsa ya bushe. Wata tara suka yi a haka kafin a cece su. Ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun labarin har ya gano iyalan Shuyiman, ya kai musu wasiƙar godiyar Fadoyebo, wanda ya rasu a 2012. Mutanen wannan yanki su ne dangin Rohingya da muke jin labarin korarsu a rediyo yau.

Runduna ta 82 ta shiga fagen a ƙarshen 1944, ta bi kwarin Kalapanzin, ta haɗu da ta 81 suka karɓe Myohaung, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan, a Janairun 1945. Daga nan ta ci gaba kudu, ta Tamandu da Letmauk da mashigin An, cikin zazzaɓin cizon sauro da atuni da matsattsaku. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya duba su. Cikin mutanenmu da suka je Burma akwai tsofaffin hannu irin su Samanja Chari Maigumeri, mutumin Borno, wanda da Jamusawa ya fara aikin soja a Kamaru, ya koma wajen Ingilishi a 1917, ya yi Gabashin Afirka, ya yi Habasha, ya yi Burma, bai ajiye kaki ba sai 1953. Barikin Lokoja sunansa yake ɗauke da shi.

Ba wanda ya yi yaƙin da ya raina sojan Japan. Yakan haƙa rami ya rufe da gungume, a yi ta zuba masa igwa, da an matso ya ɗago kai. Miƙa wuya abin kunya ne a tarbiyyar da aka yi masa. Amma jarumta ba ta cika ciki. Cikin kimanin mutum 300,000 da Japan ta tura Burma, fiye da rabi ba su koma gida ba, kuma da yawansu yunwa da cuta ne suka kashe su, ba harsashi ba. A farmakin Imphal na 1944 Janar Mutaguchi Renya ya tura dakarunsa cikin tsaunuka da guzurin 'yan makonni da garken shanu, da zaton za su ci daga rumbun Ingilishi in sun ƙwace shi. Ba su ƙwace ba. Hanyar da suka janye ta cika da gawarwaki. A daidai lokacin, ɗan dakon da ya fito daga Zazzau yana ɗaga kai yana jiran jirgin da aka ƙera a Amurka ya jefo masa shinkafa. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa tun a masana'anta da tashar jirgin ruwa aka gama wannan yaƙi, daji wurin biyan bashi ne kawai.

A 1946 akasarin mutanenmu suka dawo. Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja, aka yi fareti, aka ba su 'yan kuɗin sallama da ba su kama ƙafar na Turawan da suka yi yaƙi tare ba. Wasu suka samu aikin masinja ko gadi ko ɗan doka, wasu suka zama direbobi da makanikai da abin da suka koyo, da yawa suka koma gona da lambobin yabo a cikin adaka.

Ranar tunawa da su a da 11 ga Nuwamba ce, kamar sauran ƙasashen renon Ingila. Bayan yaƙin basasa aka mai da ita 15 ga Janairu, ranar da Biyafara ta miƙa wuya a 1970. Yau a Abuja ake babban taron, a dandalin kabarin sojan da ba a san sunansa ba, daura da Eagle Square. Kafin ranar an yi addu'a a Masallacin Ƙasa ran Juma'a, an yi a coci ran Lahadi, manya sun maƙala 'yar alamar tunawa a ƙirji. Da safe dakarun fadar shugaban ƙasa za su jeru, a busa begila, a yi shiru na minti ɗaya, limami da fasto su yi addu'a. Sai a fara ajiye furanni bi da bi: shugaban ƙasa, mataimakinsa, shugabannin majalisa, alƙalin alƙalai, ministoci, manyan hafsoshi, shugaban ƙungiyar 'yan mazan jiya, da wakiliyar matan da aka bar wa marayu. A harba bindiga, a buɗe keji a saki fararen tattabaru. A 2021 tattabarun sun ƙi tashi a gaban Shugaba Buhari, 'yan Najeriya kuwa suka samu abin yi a Facebook har mako ya zagayo.

Can kan hanyar filin jirgin sama akwai Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa. A nan aka binne Laftanar Janar Ibrahim Attahiru a Mayun 2021, a nan aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama a Maris 2024. A cikinta hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta gina wurin tunawa da 'yan Najeriya da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, inda Yarima Charles ya ajiye fure a Nuwambar 2018. Waɗanda suka faɗi a Arakan da White City dai suna can inda suka faɗi. Mai neman sunayensu sai ya je maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, ya bi ginshiƙan dutse yana karantawa.

Ita kuma wadda aka ci da yaƙi fa?

Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga Agusta 1945, bayan bam ɗin nukiliya ya shafe Hiroshima da Nagasaki. Amurkawa ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur suka rushe rundunoninta, suka tsara mata sabon kundin mulki da ya fara aiki ranar 3 ga Mayu 1947. Sashe na 9 na kundin ya ce ƙasar ta yafe yaƙi har abada a matsayin hanyar warware rigima, kuma ba za ta riƙe sojan ƙasa ko na ruwa ko na sama ba. Ba a yi shekara huɗu ba waɗanda suka rubuta shi suka fara cizon yatsa. Yaƙin Koriya ya tashi a Yunin 1950, aka kwashe sojojin Amurka zuwa can, MacArthur ya umarci Japan ta kafa rundunar "'yan sandan ko-ta-kwana" mai mutum 75,000. Ita ce ta rikiɗe ta zama Rundunar Kare Kai ranar 1 ga Yuli 1954. Har yau a hukumance ba a kiranta soja, ko da yake tana da tankoki da jiragen yaƙi.

Firaminista Yoshida Shigeru shi ya shata hanyar da aka bi shekaru da dama: a bar wa Amurka nauyin tsaro, a ba ta sansanoni, a zuba ƙarfi a masana'anta. A 1976 gwamnatin Miki Takeo ta ƙayyade kuɗin tsaro kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa, ta kuma kusan haramta sayar da makamai waje baki ɗaya. Dabarar tana nan: kashi 1 na tattalin arzikin da ya zama na biyu a duniya a 1968 ya fi kashi 10 na matalauciyar ƙasa. Kuma maƙeran ba su mutu ba. Mitsubishi, wanda ya ƙera jirgin yaƙin Zero da katafaren jirgin ruwa Musashi, shi ne yau yake ƙera wa ƙasar jiragen ruwan yaƙi, shi da Kawasaki suke karɓa-karɓa wajen ƙera na ƙarƙashin teku a Kobe.

Akwai wani reshe na labarin da ya iso har ƙofar gidanmu. A 1950 kamfanin Toyota yana bakin durƙushewa, ga bashi ga yajin aiki, sai odar dubban manyan motoci ta zo daga sojan Amurka saboda yaƙin Koriya, ya farfaɗo. A 1951 ya ƙera wata 'yar jif da nufin sayar wa sabuwar rundunar 'yan sandan nan. Bai samu kwangilar ba, Mitsubishi aka ba. Motar da aka ƙi ita ce aka raɗa wa Land Cruiser a 1954. A 1987 dakarun Hissène Habré na Chadi suka ɗora makaman fasa tanka a bayan ire-irenta, suka tarwatsa tankokin Gaddafi a Fada da Wadi Doum, har aka sa wa yaƙin sunan kamfanin. Yau duk wanda ya bi ta gaban barikin Mogadishu ko shingen sojoji a hanyar Kaduna zai ga Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, an girke mata babbar bindiga, soja na tsaye a bayanta ya naɗe fuska saboda ƙura. Irinta Boko Haram ke nema ruwa a jallo, in ta ƙwace ta shafa mata taɓo. Ƙasar da ta yi shekaru tana ƙin sayar da makamai waje, motar kamfaninta ce dokin yaƙin Sahel.

Fitar sojan Japan waje a hankali ta zo, kuma da jin kunya ta fara. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 ta ba da dala biliyan 13, amma da Kuwait ta buga godiya ga ƙasashen da suka taimaka mata a jaridun Amurka, babu sunan Japan. Abin ya yi wa Tokyo ciwo. A 1992 aka yi dokar da ta ba da damar shiga aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fara da Kambodiya, sai Mozambik a 1993. A 2011 ta buɗe sansani a Jibuti don yaƙi da 'yan fashin teku, wanda shi ne irinsa na farko da ta yi a waje tun bayan yaƙi. Daga 2012 zuwa 2017 injiniyoyin sojanta na gyaran hanyoyi a Juba ta Sudan ta Kudu. A nan gida ma, ta hannun hukumar UNDP, ta ɗauki nauyin kwasa-kwasan yaƙi da fashin teku a cibiyar horon kiyaye zaman lafiya ta Martin Luther Agwai da ke Jaji. Jikokin mutanen Arakan na ɓangarorin biyu ke nan, ɗaya na biyan kuɗin karatun ɗaya.

Maƙwabta ne suka sauya lissafin. Koriya ta Arewa ta harba makami mai linzami ta saman Japan a 1998, ta sake a 2017 da 2022. Jiragen ruwan China ba sa rabuwa da kewayen tsibiran Senkaku, ga batun Taiwan da ke kusa da tsibiran kudancin Japan ƙwarai. Firaminista Shinzo Abe ya sake fassara Sashe na 9 a 2014, majalisa ta yi dokokin 2015 da suka halatta taimaka wa ƙawa in an kai mata hari, duk da dubban masu zanga-zanga a ƙofar majalisar. Ranar 16 ga Disamba 2022 gwamnatin Kishida Fumio ta yi abin da ba a taɓa yi ba: yen tiriliyan 43 cikin shekara biyar, da niyyar kai kuɗin tsaro kashi 2 cikin 100, da mallakar makaman da za su iya kai wa ga sansanin abokin gaba a cikin ƙasarsa. Ta ƙulla cinikin makaman Tomahawk har 400 da Amurka. Tana shirin mallakar jiragen F-35 guda 147. Manyan jiragen ruwanta biyu, Izumo da Kaga, ana yi musu kwaskwarima don jiragen yaƙi su riƙa tashi daga kansu. Tana da jiragen ƙarƙashin teku 22 da manyan jiragen kakkaɓo makamai masu linzami 8, kuma ita da Ingila da Italiya suna haɗa sabon jirgin yaƙi da ake sa ran fitowarsa a 2035. A Agustan 2025 Ostareliya ta zaɓi jirgin ruwan Mogami na Mitsubishi, guda 11. Duk wannan ba a canja ko harafi ɗaya a kundin 1947 ba.

Rauninta kuwa ba a kasuwa ake sayen maganinsa ba. Gurbin da doka ta ba rundunar kimanin mutum 247,000 ne, kuma ta daɗe ba ta cika shi ba. A shekarar kuɗi ta 2023 da ƙyar ta samu rabin kuratan da take nema, duk da cewa tun 2018 ta ɗaga iyakar shekarun shiga daga 26 zuwa 32. Jariran Japanawa da aka haifa a 2024 ba su kai 700,000 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 120. Shi ya sa aka tsara Mogami yadda mutum 90 kacal za su iya tafiyar da shi, shi ya sa ake ta zuba kuɗi a jirage marasa matuƙa. Ga man fetur kusan duka daga waje yake zuwa ta teku, ga sojojin Amurka sama da 50,000 da har yanzu su ne ginshiƙin tsaron, mafi yawansu a Okinawa, inda mutanen gari suka daɗe da ƙosawa da su.

A Ship House, hedikwatar Ma'aikatar Tsaro a Abuja, matsalar a juye take. Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar kurata, matasa ne ke yin dafifi ninkin-ba-ninkin guraben da ake da su. Lokacin yaƙin basasa rundunar ta kumbura daga kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000 cikin wata talatin, ba a rasa masu sa kaki ba. Abin da za a sa musu a hannu ne tarihinsa ke da ban takaici. Tun 1964 aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tare da kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, shekara goma kacal bayan kafa Rundunar Kare Kai ta Japan. Ta yi aiki dare da rana lokacin yaƙin basasa. Da aka samu lafiya, kuɗin fetur ya shigo, sayowa daga waje ya fi daɗi ga masu sa hannu a takardar kwangila, har aka kai lokacin da kayan katako aka fi sanin masana'antar da su.

An ga sakamakon a 2014. Boko Haram na cin garuruwa a Borno da Adamawa, bam ya tashi a tashar motar Nyanya a watan Afrilu, gwamnati na neman makami kamar ruwa a hamada. Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jiragen Cobra masu saukar ungulu. A Satumba hukumomin Afirka ta Kudu suka kama dala miliyan 9.3 tsaba a cikin wani ƙaramin jirgi da ya taso daga Abuja, aka ce na cefanen makamai ne. Jiragen Super Tucano 12 da aka daɗe ana roƙo sai 2021 suka iso. A shekarar kuma aka karɓi JF-17 guda uku daga Pakistan, bayan tankokin China na 2020, sannan ga jiragen Turkiyya, ga na Italiya an yi oda. Kowanne da irin kayan gyaransa, da makarantar makanikansa, da sharaɗin mai shi.

Ba a ce ba a taɓuka komai ba. Sojan ruwa sun ƙera NNS Andoni a Legas a 2012, suka bi shi da Karaduwa a 2016 da Oji a 2021. A Disambar 2019 aka ƙaddamar da mota mai sulke ta Ezugwu a Kaduna. A Nuwambar 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON, wadda ta maye gurbin ta 1964, ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. Hafsoshin da ke zaman kwas a Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke tsakiyar Abuja sun sha rubuta takardu a kan wannan batu, kuma kusan duk inda aka bi aka bi, maganar kan dawo kan ƙarfe da wutar lantarki. Sulken mota da bakin igwa da jikin jirgin ruwa duk ƙarfe ne na musamman. Kamfanin da aka gina don samar da shi yana Ajaokuta, tafiyar 'yan sa'o'i daga Abuja in an bi ta Lokoja. An fara gininsa da Tarayyar Sobiyet a 1979, kuma babbar tanderunsa ta narka tama har yau ba a taɓa hura mata wuta ba.